Za a haƙa sabuwar magudana a unguwarmu: shin za ta hana ƙazanta tasowa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa?

Baban Sumayya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar magudanan ruwa, ko waɗanda suka taɓa zama a unguwar da aka yi irin aikin da ake shirin yi a tamu. Shekara tara ke nan muna zaune a wani tsohon gari da ke arewa maso gabashin Amurka, a gidan bulo mai ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, kuma a ɗakin nan muka shimfiɗa kafet muke jam'in salla, a nan kuma yara suke karatun Alƙur'ani ranakun Asabar da Lahadi. A cikin shekara uku da suka wuce, sau biyu ruwa yana tasowa ta ramin magudanar da ke tsakiyar daɓen ɗakin bayan an tafka ruwan sama, kuma warinsa da launinsa sun isa shaida cewa akwai najasa a ciki. A karo na biyu sai da ya wuce idon sawu, muka zubar da kafet da dardumai da littattafan da ke ƙasan kanta, muka kuma sauya tukunyar dafa ruwan wanka.

A watan jiya hukumar ruwa ta garin ta aiko wa kowane gida takarda cewa za ta haƙa wata sabuwar magudana a ƙarƙashin babban titin unguwar, wadda suka kira da sunan da ma'anarsa ita ce magudanar kai ɗauki, domin ta rage wa tsohuwar nauyi. Sun ce za a rufe rabin titin kusan shekara biyu, kuma kuɗin ruwa zai ƙaru. Maƙwabta sun rabu gida biyu: masu shaguna a bakin titi suna ganin cinikinsu zai mutu kafin a gama, mu kuma da muka kwashe ƙazanta da bokiti muna ganin ko gobe a fara. An kira taron mazauna unguwa nan da mako biyu, kuma ba na son in je in zauna kamar ɗan kallo.

Abin da ya fi damuna shi ne, idan an gama aikin, zan iya sake shimfiɗa kafet a ɗakin da kwanciyar hankali, ko kuwa kuɗi za mu biya mu sha ƙura shekara biyu sannan ruwan ya dawo? Wani mai gyaran famfo ya ce in manta da aikin gwamnati in sa bawul mai hana ruwa komowa, amma kuɗin da ya faɗa ba kaɗan ba ne, shi ya sa nake tunanin ko in jira sabuwar magudanar.

Injiniya Mai Ritaya:

Wa alaikumus salam Malam. Da farko ina yi maka jaje, Allah ya mayar da alheri, ya kuma kiyaye gaba. Tsara magudanai shi ne aikin da na tsufa a kansa, don haka ka yi haƙuri idan na tsawaita.

Mu da muka taso a gida mun saba da tsarin da ya raba abu biyu: ruwan sama da na wanka su bi kwata su faɗa lambatu, bayan gida kuma ya tafi masai ko sokawe. Tsofaffin garuruwan Amurka, musamman na arewa maso gabas da na kewayen manyan tafkuna, ba haka aka gina su ba. A ƙarni na 19 aka shimfiɗa musu bututu guda a ƙarƙashin titi wanda yake kwashe ruwan indararo da na kwalta da na kicin da na ban-ɗaki baki ɗaya, kuma har yau ɗaruruwan garuruwa da shi suke amfani. Ranar da babu ruwan sama, abin da ke gudana a ciki bai taka kara ya karya ba, yana isa matatar ruwan ƙazanta lami lafiya. Ranar da aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya kuwa, cikin 'yan mintoci bututun yake cika maƙil, sai ruwan da ya rasa hanya ya riƙa hawa yana neman ƙofar da ta fi ƙasa. Ƙofa ɗaya ita ce wadda magina suka bari da gangan tana zuba a kogi, ɗayar kuma ita ce ramin da ke daɓen ɗakinka. Saboda haka ƙazantar da ke malala cikin kogi da wadda ta ɓata maka kafet cuta ɗaya ce, shi ya sa za ka ga takardar hukumar ta ambace su tare.

Magudanar ɗauki ba ta maye gurbin tsohuwar. Ana gina wani ɗan ɗaki a inda suka haɗu, a sa gajeriyar katanga a tsakani. Muddin ruwa bai kai tsayin katangar ba, yana bin tsohuwar hanyarsa, idan ya haura ta kuma sai rarar ta zuba cikin sabuwar, wadda ko dai ta kai shi gaba inda akwai sarari, ko ta riƙe shi har sai matata ta samu sukunin karɓa.

Misalin da na fi sani shi ne na Washinton, inda kusan kashi ɗaya cikin uku na birnin yake kan irin wannan haɗaɗɗen bututu. Unguwannin Bloomingdale da LeDroit Park sun dogara da wata babbar magudana da aka gina a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da yankin bai cika da gidaje da kwalta ba. A shekarar 2012, tsakanin Yuli da Satumba, sau huɗu ruwa yana cika titunansu da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, har magajin garin wancan lokacin, Vincent Gray, ya kafa kwamiti na musamman. Abin da aka yi hawa-hawa ne. An fara da mayar da wani sashe na tsohuwar matatar ruwan sha ta McMillan, mai tacewa da yashi, wurin tara ruwan sama. Sannan aka haƙa rami a ƙarƙashin titin First Street, tsawonsa kusan rabin mil, yana ɗaukar sama da galan miliyan 8, aka kammala shi a 2016. Shekara bakwai ramin nan yana aiki a matsayin randa kawai, ya cika lokacin ruwa, a zuƙe shi da famfo bayan an ɗauke, domin babban ramin da za a haɗa shi da shi bai iso ba. Shi babban, wato Northeast Boundary Tunnel, faɗinsa ƙafa 23, tsawonsa kusan mil 5, sai a Satumbar 2023 ya fara aiki, yana tura ruwan zuwa matatar Blue Plains.

To ga inda amsarka take. Hukumar ruwa ta Washinton ba ta taɓa cewa ambaliya ta ƙare ba. Abin da ta ce shi ne an gina ramin ya ɗauki ruwan da ake sa ran irinsa sau ɗaya a shekara 15, don haka yiwuwar ambaliya a kowace shekara za ta sauka daga kusan kashi 50 cikin 100 zuwa kusan kashi 7. Wannan babban sauƙi ne, amma mutane suna yi wa lissafin gurguwar fahimta, suna zaton idan an yi irin ruwan bana sai bayan shekara 15 kuma. Ba haka ba ne, kowace shekara da nata rabon. Idan ka zauna a gida shekara 30, tsawon wa'adin biyan bashin gida ke nan ga mafi yawanmu, yiwuwar ka ga irin wannan ruwan aƙalla sau ɗaya ta kai kusan kashi 87 cikin 100. Don haka tambayar farko da za ka yi a taron ita ce: ruwan shekara nawa aka auna sabuwar magudanar da shi, kuma da alƙaluman ruwan sama na wace shekara aka yi awon? Idan da tsofaffin alƙaluma aka yi, ka sa a rubuta a bayanin taro cewa ka tambaya.

Ni dai ina goyon bayan aikin, kuma da a unguwata ne da na ɗaga hannu.

Maman Abdul, Shikago:

Malam Baban Sumayya, sannu da wannan jarrabawa. Injiniya, Allah ya ƙara basira, bayaninka ya gamsar, amma ina so in ƙara wani abu da mu mazauna Shikago muka gani da idonmu, domin kada Malam ya tafi taro da zaton cewa girman rami shi ne magana.

Babu garin da ya kai mu haƙa. Tun 1975 aka fara aikin da ake kira Deep Tunnel, aka gama ramukan a 2006, tsawonsu ya kai kusan mil 109, sannan aka mayar da manyan ramukan fasa dutse tafkunan ajiya: na Thornton, wanda aka buɗe a 2015, yana ɗaukar galan biliyan 7.9, kashin farko na McCook kuma, wanda aka gama a 2017, yana ɗaukar biliyan 3.5. Kogunanmu sun yi tsabtar da kakannin mutanen garin ba su taɓa gani ba, wannan ba a musu. Amma ranar 2 ga Yulin 2023, da aka yi ruwan da ya kusa inci 9 a wasu wurare, dubban ɗakunan ƙarƙashin ƙasa a yammacin birnin, a unguwar Austin da garin Cicero da ke maƙwabtaka, suka cika da ruwa, har sai da gwamnatin tarayya ta ayyana yankin a matsayin wanda bala'i ya shafa. Na je taya wata 'yar'uwa kwashe kaya a makon, kuma abin da na gani a bakin tituna, katifu da kujeru da firji jere kamar kasuwar gwanjo, ba zan manta da shi ba.

Babban dalilin shi ne ruwan sai ya bi ta ƙananan bututun layi-layi kafin ya isa babban ramin, su kuma ƙananan tsofaffi ne, masu ƙunci ne. Ko da randa ta kai girman ɗaki, idan da mazurari ake zuba mata ruwa, wanda ya yi yawa a ƙasa zai zube. Saboda haka a nan har wani abu ake sa wa a bakin magudanan titi don ya rage saurin shigar ruwa, a bar shi ya kwanta a kan kwalta na ɗan lokaci, bisa hujjar cewa gara ya tsaya a titi da ya shiga ɗakin mutane. Baƙo idan ya ga titi ya zama tafki sai ya ɗauka magudana ce ta toshe, alhali da gangan ne.

Shawarata ita ce ka nemi a nuna maka taswira, ka sa yatsa a kan layinku, ka tambaya a ina bututun layin zai haɗu da sabuwar magudanar, kuma ko za a faɗaɗa shi. Idan mahaɗar tana da nisa da ku, kuma ba za a taɓa bututun layinku ba, to kogi zai amfana, masu gida a bakin babban titi za su amfana, kai kuwa sauƙin da za ka samu zai iya zama kaɗan. Game da kafet kuwa, ni tayil na sa a nawa ɗakin, da dardumai waɗanda ake naɗewa a ɗora a kan kanta, kuma duk littafin da ke da ayar Alƙur'ani a ciki ya koma hawa na sama.

Ka kuma duba takardar inshorarka tun yau. Inshorar gida ta yau da kullum galibi ba ta biyan ɓarnar ƙazantar da ta taso daga magudana sai in ka sayi ƙari na musamman a kanta, kuma da yawa daga cikinmu sai bayan ɓarna suka san haka.

Baban Sumayya:

Na gode Injiniya, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Maganar taswira ta buɗe mini ido, domin layinmu na uku ne daga babban titin, kuma a takardar da aka aiko ban ga an ja masa jan layi ba. Sai dai har yanzu ina so in ji daga wanda ya zauna kusa da irin wannan aiki lokacin da ake yin sa. Gidajenmu na bulo ne, wasu sun haura shekara ɗari, kuma maƙwabcina yana tsoron girgizar injin za ta tsattsaga masa bango.

Direba Ɗan Zazzau:

Malam, ni ba masani ba ne, amma shekarun da aka yi ana haƙa babban ramin Washinton kusan kullum sai na bi titin Rhode Island Avenue da mota, don haka na ga abin da ido.

Shi ramin kansa ba a ganin sa, domin injin yana tafiya can ƙasa, a wasu wuraren zurfin ya fi ƙafa 100, kuma mutane suna barci a samansa. Wahalar tana wuraren da ake haƙa rijiyoyin da za su sada tsohuwar magudana da sabon ramin. A nan ake kafa shinge, a rufe hannu ɗaya na titi, a hana ajiye mota, manyan motoci su riƙa fita da ƙasa, kuma rijiya ɗaya tana iya cin shekaru. Duk wanda shagonsa ya faɗo bayan shingen ya ji a jikinsa, don haka kada ku raina kukan masu shagunan unguwarku, ku taya su neman a bar wa masu saye hanyar shiga da wurin tsayawa. A aikin First Street, da yake a tsakiyar gidajen mutane ne, har daskarar da ƙasa aka yi da bututun sanyi kafin a haƙa wasu wuraren, domin kada ta zabtare ko ruwan ƙasa ya kwararo. Game da tsoron maƙwabcinka, a irin waɗannan ayyuka akan zagaya gidajen da ke kusa kafin a fara, a ɗauki hoton bango da harsashi, a kafa na'urorin auna girgiza da nutsewar ƙasa. Ku nemi a yi muku haka, ku karɓi kwafin rahoton, ku ma ku ɗauki naku hotunan masu kwanan wata.

Abin da ya sa na daina ƙorafin cunkoso shi ne abin da ya faru ranar 14 ga Agustan 2023, wata ɗaya kacal kafin a buɗe ramin. Ruwa ya taru a kwarin titin nan kusa da gadar jirgin ƙasa, ya fasa bangon gilashin wani gidan rainon karnuka, karnuka goma suka mutu, ma'aikata suka tsira da ƙyar. Wurin ya daɗe yana ambaliya, kuma yana cikin wuraren da aka haƙa ramin dominsu.

Maganar kuɗi kuma, ka tambayi yadda za a raba nauyin. A Washinton ba da yawan ruwan da ka sha kawai ake lissafi ba, akwai wani kaso da ake aunawa da faɗin rufin gidanka da duk filin da ka shafe da siminti ko kwalta, tunda daga nan ruwan sama yake gangarowa cikin magudana. Coci-coci da maƙabartu masu faɗin fili sun koka ƙwarai da wannan tsari, har daga baya aka kafa asusun rangwame ga ƙungiyoyin da ba na riba ba da masu ƙaramin ƙarfi. Idan masallacinku yana da filin ajiye motoci, ya kamata wani daga kwamitin masallacin ya halarci taron.

Injiniya Mai Ritaya:

Hajiya ta yi gaskiya, kuma na karɓi gyara, domin na yi maganar babban rami na bar ƙaramin bututu, alhali layin Malam na uku ne daga titin. Bambancin kawai da zan nuna shi ne, idan abin da ke hana bututun layinku zubarwa shi ne cikar babbar magudanar da yake zuba a ciki, to da zarar an rage mata nauyi shi ma zai samu hanya, ko da ba a taɓa shi ba. Idan kuwa shi kansa ne ya yi ƙanƙanta, sai an faɗaɗa shi. Injiniyoyin hukumar suna da lissafin kwamfuta da ke nuna tsayin da ruwa zai kai a kowane layi kafin aikin da bayansa, don haka ka nemi a faɗa maka na layinku, ka gwada shi da zurfin daɓen ɗakinka.

Game da bawul, kada ka jira. Aikin da aka ce shekara biyu yana iya wuce haka, kuma damina ba za ta tsaya jiran ɗan kwangila ba. A Bloomingdale ma, tun kafin a haƙa komai, an riƙa mayar wa masu gida mafi yawan kuɗin da suka kashe wajen sa shi, don haka ka tambaya ko garinku yana da irin wannan tallafi kafin ka biya mai gyaran famfo. Sai dai ka san halinsa. Wani marfi ne a cikin bututun gidanka da yake buɗewa waje kawai, idan ruwan titi ya turo sai ya rufe. Yayin da yake rufe, ruwan gidanka ma ba shi da hanyar fita, saboda haka lokacin ruwa mai ƙarfi a dakata da wanka da injin wanki da yawan kora ban-ɗaki. Yana kuma bukatar a buɗe a share shi aƙalla sau ɗaya a shekara, domin tsumma ɗaya ko daskararren mai ya isa ya hana marfin rufuwa. Kuma ba ya maganin ruwan da ke tsattsafowa ta bango ko wanda ke gangarowa ta matakala da taga.

Kuskuren da na fi gani shi ne a sa bawul alhali indararon gidan yana zuba a cikin bututun ta ɓangaren gida, kafin a kai ga bawul ɗin. Ruwan inci ɗaya a kan rufin da faɗinsa ya kai murabba'in ƙafa 1,000 ya haura galan 600, kuma idan marfin ya rufe, duk wannan ruwan ɗakinka zai koma, ka zama kai ka yi wa kanka ambaliya. A cire indararon daga bututun, a karkatar da shi ya zuba a kan ciyawa nesa da harsashin gini, in dokar garinku ta yarda. Idan kuma ruwa ya sake shiga kafin a yi duk wannan, kada kowa ya taka shi sai an tabbatar an kashe wutar ɗakin daga wurin da yake busasshe.

Baban Sumayya:

Bayan sallar asuba na zagaya bayan gida da tocila, na tarar indararo biyu daga cikin uku suna shiga ƙasa kai tsaye ta wani tsohon bututun ƙarfe, abin da shekara tara ban taɓa lura da shi ba. Na kira mai gyaran famfon ya zo ranar Asabar da kyamararsa ya duba inda suke haɗuwa da bututun gidan kafin mu yi maganar inda za a sa bawul. Na kuma rubuta tambayoyin taron a takarda, na ba limaminmu kwafi saboda maganar filin motoci. Injiniya, idan na samo tsayin ruwan da suka lissafa wa layinmu zan kawo maka alƙaluman ka duba mini, domin daɓen ɗakina ya kai ƙafa bakwai ƙasa da titi.